YADDA AKE RENON "MAI FURFURA" A GIDAJENMU NA ZANGO

A filinmu na wannan wata za mu yi magana ne a kan wata 'yar ƙaramar shuka ta ado wadda ake renonta cikin tukunya, wadda kuma ta sha ɓata wa masu sha'awar furanni rai. Sau da yawa mutum zai same ta kore shar, ya kai ta gida yana murna, amma kafin mako biyu ya zagayo sai ya tarar ta ƙanƙance ta bushe kamar an babbake ta. Daga nan sai a shiga zargi. Wani ya ce mai sayarwa ne ya cuce shi, wata ta ce ita hannunta ne ba ya karɓar shuka, wani ma ya ce ai baki ne ya kama ta. Alhali kuwa babu ko ɗaya daga cikin waɗannan. Abin da ya kashe ta shi ne rashin sanin inda ta fito, domin kowace shuka da halin ƙasarta take tafe, kuma wanda bai ba ta irin abin da ta saba da shi can ba, to ya yi asarar kuɗinsa da ruwansa.

SUNANTA DA KAMANNINTA

Masu sayar da furanni a Ingila da Amurka suna kiranta Frosty Fern. Da Faransanci kuwa sunan danginta selajinel, masana kimiyyar tsirrai kuma suna ce musu Selaginella. Mu dai a nan za mu kira ta Mai Furfura, saboda jikinta kore ne amma kan kowane reshe fari fat, sai ka ce tsohon da furfura ta fara yi wa sallama.

Ya kamata mai karatu ya san cewa sunan nan na Turanci yaudara biyu ke cikinsa. Ma'anarsa ita ce fujer wadda ƙanƙarar sanyi ta sauka a kanta. To da farko dai ita ba fujer ba ce, watau irin tsiron nan mai ganye kamar gashin tsuntsu da muke gani yana rataye a jikin itatuwan kwakwar manja idan mun kama hanyar ƙauye. Kama ce kurum suka yi, amma gidansu ba ɗaya ba. Na biyu kuma ba ta son ƙanƙara. Farin nan nata ba komai ba ne illa sabon toho wanda bai sami koren sinadarin da ganye ke haɗa abinci da shi daga hasken rana ba.

Da wuya tsawonta ya wuce taƙi ɗaya ko ɗaya da rabi. Idan ka matso da ita kusa da ido za ka ga ganyayenta ƙanana ne ƙwarai, kamar ɓawon kifi, an jera su sahu huɗu a kan reshe, sahu biyu na manya a gefe, sahu biyu na ƙanana a bisa. Ba ta fure, ba ta 'ya'ya, sai dai wani gari mai laushi da take fitarwa a kan rassanta, wanda shi ne makwafin iri a wurinta. Daga inda reshe ya rabu biyu kuma wasu siraran zare suke saukowa su nemi ƙasa, kamar dai yadda saiwoyin ceɗiya ke yi, in sun taɓa ƙasa mai laima sai su kama. Masana sun ƙidaya danginta sun haura iri 700 a duniya, sun kuma ce gidansu yana cikin mafi daɗewar gidajen tsirrai a bayan ƙasa, har ma wani kaso na gawayin da ake haƙowa daga ƙarƙashin ƙasa gawar manyan kakanninsu ce.

INA NE GARINSU?

Iri biyu ne aka fi sayarwa da wannan suna. Ɗaya asalinta daga ƙasar Meziko da Amurka ta Tsakiya. Ɗayar kuwa 'yar Afirka ce, tana fitowa a dazukan kudanci da gabashin nahiyarmu, ana kuma kiranta kraussiana don tunawa da wani Bajamushe mai suna Ferdinand Krauss wanda ya yi yawon tattara tsirrai a Afirka ta Kudu daga 1838 zuwa 1840. Duk su biyun wuri iri ɗaya suke so, watau ƙarƙashin manyan itatuwa, a gefen ƙorama ko kusa da inda ruwa ke zubowa daga dutse, inda rana ba ta kaiwa ƙasa sai ta tsakanin ganye, ƙasa kuma ba ta taɓa bushewa, iska ko da yaushe a jiƙe.

Ba sai mun yi nisa ba za mu ga irin wannan wuri. Duk wanda ya taɓa kai ziyara wurin 'yan uwanmu na Zangon Kpalime, kilomita 120 daga Lome, ya kuma hau ta wajen Kloto da dajin Missahoe, ko ya je gindin Dutsen Agu wanda tsawonsa mita 986 ne, ya fi kowane dutse a Togo, to ya taka danginta na daji ko da bai sani ba. Su ne suke shimfiɗe a gefen hanya tare da gansakuka a wuraren da inuwa ta yi duhu. Can ruwan sama a bisa duwatsu yakan kai milimita 1,500 a shekara ko fiye, da dare kuma har sai mutum ya nemi mayafi.

To sai mu auna da nan inda muke. Ko da yake Lome tana bakin teku, ruwan da take samu a shekara galibi ba ya cika milimita 1,000. A watan Fabrairu da Maris zafin rana yakan wuce digiri 30, alhali Mai Furfura ta fi jin daɗi tsakanin digiri 15 da 25. Amma akwai wata falala da Allah ya ba mu wadda Turawan da ke sayenta ba su da ita. Shukar nan tana bukatar laimar iska ta kai kamar kashi 70 cikin 100, a ɗakunan Turai kuwa lokacin sanyi na'urar ɗumama ɗaki takan busar da iska ƙwarai, shi ya sa take yawan mutuwa a hannunsu bayan bukin Kirsimeti, lokacin da aka fi sayar da ita. Mu kuwa albarkacin teku, yawancin watannin shekara iskarmu a jiƙe take. Saboda haka abokan gabanta a nan guda huɗu ne: rana, da ruwan zartsi, da hunturu, da kuma mantuwa. In an yi maganin waɗannan, sauran mai sauƙi ne.

INDA ZA A AJIYE TA

Abin da aka fi yi mata na cuta shi ne a ɗora ta bisa katanga ko a bakin ƙofa don masu wucewa su gani. Ganyenta siriri ne ƙwarai, ba shi da kauri irin na ganyen mangwaro da zai riƙe ruwa, don haka ranar azahar ta sa'a ɗaya ta isa ta ƙone shi. A nema mata wuri mai haske amma wanda rana ba ta dukansa kai tsaye, alal misali cikin baranda daga ciki, ko gindin itace mai duhuwa, ko kusa da taga mai labule. Ga wata hanyar gwaji mai sauƙi: da tsakar rana ka tsaya a wurin da jarida a hannu. Idan kana iya karatu ba tare da kunna fitila ba, kuma inuwar hannunka ba ta fita sosai a kan takardar ba, to wurin ya yi.

A gidajenmu babu wurin da ya fi dacewa da ita kamar gindin randa, domin can ne kullum da sanyi da laima. Kusa da wurin alwala ma yana da kyau in akwai inuwa. Wuraren da za a guje wa su ne kusa da murhu, da ƙarƙashin rufin kwano mara silin inda zafi ke sauka da rana, da gaban fanka, da kuma ɗakin da ake kunna na'urar sanyaya ɗaki. Wani zai ce ai sanyi take so, me ya hana a sa ta can? Dalili shi ne na'urar tana tsotse laimar iska, ruwan nan da muke gani yana ɗiga a bayanta daga iskar ɗakin ta tatso shi. Haka kuma waɗanda ke zaune daf da teku su kare ta daga iskar da ke ɗauke da gishiri. Kada a manta da awaki da kaji, a ɗora tukunyar bisa benci ko bulo inda bakinsu ba ya kaiwa.

MAGANAR RUWA

Ƙa'idar ita ce kada ƙasarta ta taɓa bushewa, kada kuma ta zama taɓo. A riƙe misalin tsumman da aka jiƙa aka matse, haka ake so ƙasar ta zauna dare da rana. Kowace safiya a taɓa da yatsa, in an ji saman ya fara shan iska sai a zuba ruwa a hankali a gefen tukunya har ya ɗigo ta ƙasa. Da damina mai yiwuwa sai bayan kwana biyu ko uku, da rani kuwa kullum, wani lokaci ma safe da yamma. Kada a ɗebo ruwan firji a zuba mata da nufin a sanyaya ta, ruwan randa ya wadatar.

Irin ruwan ma abin dubawa ne. Mun san yadda rijiyoyin unguwannin da ke tsakanin teku da tafkin Be suke da zartsi, wasu har sabulu ba ya kumfa da kyau a cikinsu. Irin wannan ruwa yana tara gishiri a tukunya sannu a hankali, alamarsa ita ce wani farin ɓawo da ke fitowa a bakin tukunya da saman ƙasa, daga nan sai bakin ganye ya fara ƙonewa ko da ana ba ta ruwa kullum. Mu mazauna Cacavéli muna maƙwabtaka da matatar ruwan kamfanin TdE wadda ke shayar da birnin, kuma ruwan famfo ya fi na rijiyar zartsi nesa ba kusa ba, sai dai a tara shi a bokiti ya kwana a buɗe don warin maganin da ake sa masa ya fita kafin a ba shuka. Wanda ya fi duka shi ne ruwan sama. A bar ruwan farko ya wanke rufi, sa'an nan a tara na baya daga indararo a cikin jarka mai murfi. Shukar ƙarama ce, jarka biyu ko uku za su kai ta nesa cikin rani. Ruwan da ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki shi ma ba shi da gishiri, maimakon ya zube a banza sai a tara. Ruwan alwala ma yana yi in dai babu sabulu a ciki, amma ruwan wanki da na wanke-wanke guba ne gare ta.

ƘASA DA TUKUNYA

Jar ƙasarmu ta nan tudu tana da kyau ga masara da rogo, amma a cikin tukunya takan daskare kamar bulo, saiwoyin Mai Furfura kuwa kamar zaren ɗinki suke, ba su iya huda ta. Yashin bakin teku shi kuma gishiri gare shi. Abin da za a yi shi ne a kwaikwayi ƙasar daji. A sami ruɓaɓɓen ganye wanda ya riga ya zama baƙar ƙasa, irin na gindin mangwaro, awo biyu. A haɗa da zaren ɓawon kwakwa awo ɗaya, bayan an yayyanka shi an jiƙa an sauya masa ruwa sau da yawa. A ƙara yashin rafi wankakke awo ɗaya, da ɗan dakakken gawayi kaɗan. Wannan haɗi yana riƙe laima, yana kuma barin iska ta shiga.

Kada a zuba mata toka, domin ƙasa mai ɗan tsami take so, toka kuwa kashe tsami take yi. Kada kuma a sa mata ɗanyen kashin kaji ko na tumaki, ko a barbaɗa mata takin zamani irin na masara, duk ƙone ta za su yi. Ba mai ci ba ce. Idan an ga tana bukata, ɗan tsohon taki da ya shekara, cikin cokali, sau ɗaya ko biyu a damina ya isa. Tukunya kuwa mai faɗi ake so ba mai zurfi ba, tun da saiwarta a sama take, kuma lalle ne a huda gindinta. Ko tsohon kasko, ko roba, ko gwangwani, duk wanda ba shi da huda kabari ne.

IDAN HUNTURU YA SAUKO

Jarrabawar gaskiya tana zuwa ne daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da iskar arewa ke saukowa da hazo. Ko da yake hunturun Lome bai kai na Dapaong ko na Maraɗi da Kano tsanani ba, kowa ya san kwanakin nan da leɓe ke tsagewa, wanki kuma ya bushe nan da nan. Abin da iskar ke yi wa leɓenmu shi take yi wa ganyen shukar nan, sai dai ita ba ta da man kaɗanya. Yini ɗaya na sakaci a irin waɗannan kwanaki ya isa ya gama da ita. Akwai dabaru uku.

Ta farko ita ce a tara shuke-shuken gida wuri ɗaya a lungun da iska ba ta bugawa, a sa Mai Furfura a tsakiya, domin kowace shuka tana fitar da laima ta ganyenta, sai su rufa wa juna asiri. A riƙa yayyafa musu ruwa da safe. Amma a sani yayyafi kaɗai ba ya wadatarwa, minti kaɗan ne ya bushe.

Ta biyu dabara ce da muka aro daga wani ɗan uwanmu malamin makaranta a Jihar Jigawa ta Nijeriya, marigayi Mohammed Bah Abba, wanda ya yaɗa hanyar adana kayan miya ta sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakaninsu, har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Yadda abin ke aiki shi ne, ruwan da ke cikin yashin yana tsatsowa ta jikin tukunyar waje yana bin iska, yana kuma tafiya da zafi, kamar dai yadda randa ke sanyaya ruwa. Daɗin abin kuma, ya fi aiki sa'ad da iska ta bushe. To sai a sami tukunyar ƙasa babba mai huda, a zaunar da tukunyar shukar a ciki, a cika tsakaninsu da yashi, a riƙa jiƙa yashin safe da yamma. Saiwa za ta sami sanyi, ganye kuma ya sami laima.

Littattafan Turawa sukan ce a ɗora tukunya bisa faranti mai tsakuwa da ruwa. Wannan shawara ce ta ƙasar da ba ta san zazzaɓin cizon sauro ba. A wurinmu ruwan da ya kwanta mako ɗaya zuwa kwana goma ya isa sauro ya yi ƙwai ya ƙyanƙyashe har ya tashi. Wanda ya ce sai ya yi haka, to ya zubar da ruwan ya wanke farantin duk bayan kwana biyu. Bai kamata garin neman ado a jawo wa yara ciwo ba, shi ya sa muka fi son jiƙaƙƙen yashi.

Ta uku ita ce renonta cikin kwalba. Wani likita a birnin Landan mai suna Nathaniel Ward shi ya lura a 1829 cewa tsiro yana rayuwa a cikin rufaffiyar kwalba ba tare da an ƙara masa ruwa ba, saboda ruwan da ya tashi daga ƙasa da ganye yakan taru a jikin gilashi ya sake gangarowa. A 1833 ya aika da tsirrai cikin akwatunan gilashi ta jirgin ruwa har Ostareliya, suka yi watanni a teku suka isa da ransu. Mu ma za mu iya yin haka da babbar kwalbar alewa, ko babbar gorar ruwa ta roba da aka yanke gindinta aka kifa a kan tukunya. A riƙa buɗewa na ɗan lokaci duk bayan kwana biyu don iska ta sauya. Gargaɗi ɗaya ne: kada rana ta taɓa kwalbar, in ta taɓa, dafa shukar za ta yi kamar alayyafo. Mu da ke koyarwa mun san babu abin da ya fi wannan kwalba saurin fahimtar da yaro yadda girgije ke haɗuwa ruwa ya sauko, don haka iyaye su bar yara su yi da hannunsu.

YADDA AKE GANE KUKANTA

Shuka ba ta da baki, amma tana faɗin damuwarta. Idan rassa suka naɗe suka yi ƙamas, launinsu ya koma na ƙasa, ƙishirwa ce ko busasshiyar iska. A nutsa tukunyar cikin bokitin ruwa na kamar minti goma, a tsame, a yanke abin da ya mutu da almakashi, a kifa mata gora. In akwai sauran kore a gindi, akwai sauran rai. Idan ganye ya yi rawaya ya yi laushi, ƙasa kuma tana wari, ruwa ne ya yi yawa ko huda ta toshe. Idan launinta ya koɗe, rana ce. Idan rassa suka yi tsawo suka yi siriri suna leƙen taga, duhu ne ya yi yawa. Idan aka ga wani abu fari kamar auduga a maƙale, tururuwa kuma na hawa da sauka, ƙwari ne masu tsotso, a yanke reshen a ƙone, a kuma raba ta da sauran shuke-shuke.

Akwai kuma abu guda da ba ciwo ba ne. Bayan wata biyu ko uku a nan Lome, mai ita zai ga furfurar tana raguwa, sabon toho yana fitowa kore. Masu renonta sun lura cewa farin ya fi fita lokacin sanyi, da zafi kuwa sai ya ja baya. Don haka kada a ɗauka an yi wa mutum musanya, kada kuma a shiga ɗura mata taki. Mai yiwuwa a ga ɗan fari a watan Agusta da gari ke yin sanyi, amma wanda ya saye ta don furfurar kaɗai ya san da wannan tun kafin ya zaro kuɗinsa.

Kada kuma a rikita ta da busasshen tsiron nan da alhazai ke kawowa daga Makka, wanda Larabawa ke kira Kaffu Maryam, mai buɗewa idan an sa shi a ruwa. Wannan tsiron hamada ne, babu dangantaka tsakaninsu. Gaskiya ne Mai Furfura tana da wata 'yar uwa a hamadar Meziko wadda takan dunƙule ta bushe, in ta sami ruwa ta sake buɗewa, amma ita tamu ba ta gaji wannan baiwa ba. In ta bushe sarai, ta tafi ke nan. Kuma shukar ado ce kurum, ba ta miya ba ce, ba ta magani ba.

A SAYA KO A ROƘA?

Wanda zai saya ya jira saukar damina, daga Mayu zuwa Yuli, kada ya saya a bakin hunturu. Ya duba ƙasar tukunyar, in a bushe take ya wuce. Ya kuma tambayi mai lambun ko a nan ƙasar aka rene ta, domin wadda ta saba da zafinmu ta fi wadda ta sauko daga jirgi jiya ƙwari. Amma hanya mafi araha ita ce ta zumunci. A yanko reshe mai tsawon yatsa wanda yake da zaren saiwa, a kwantar da shi bisa jiƙaƙƙiyar ƙasa, a danne da ɗan tsinke, a kifa gora. Cikin 'yan makonni zai kama. Haka kuma in tukunya ta cika ana iya raba ta biyu ko uku da hannu. Tukunya ɗaya ta isa ta wadata gida goma.

Abubuwa biyu ne muke roƙon jama'a su guje wa. Kada a je Missahoe a tumɓuko tsirrai, dajin gwamnati ne mai kariya. Kada kuma a saƙo wa ɗan uwa da ke Turai ko Amurka ya ɓoyo shuka da ƙasarta cikin akwati. Doka ta ce sai da takardar shaidar lafiyar tsiro, kuma dokar nan ba don a wahalar da mutane aka yi ta ba. Manyanmu suna tune da farin ƙwaron nan ɗan asalin Asiya da ya bayyana a Togo da Ghana a farkon shekarun 1980, ya rufe mangwaro da lemo har ganye ya yi baƙi, sai da aka kawo wani ɗan ƙaramin zanzaro daga Indiya aka sake shi a Togo a 1987 kafin a sami sauƙi. Ita kanta kraussiana da aka kai ta ƙasar New Zealand don ado ta tsere daga lambu ta mamaye ƙasan dazukansu, har aka hana sayar da ita can. Rigakafi dai ya fi magani. Mai neman shawara kuwa bai yi nisa da masana ba, tun da cibiyar binciken aikin gona ta ITRA, wadda aka kafa a 1997, a nan Cacavéli take.

ABIN DA YA SA MUKA DAMU

Wani zai ce, ana fama da kuɗin haya da na makaranta, ina ruwan wani da tsiron da ba a ci? Maganarsa tana kan hanya, kuma ba mu ce kowa ya je ya saya ba. Wanda ba ya zama a gida, ko mai yawan tafiye-tafiyen fatauci wanda ba shi da mai kula masa, gara ya bar ta, ya shuka zogale ko ɗoɗɗoya ko lalle, waɗanda ke jure rana suna kuma da amfani. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Amma mu dubi tsakar gidajenmu. A shekarar 1977 aka rushe tsohon Zangon Lome da ke tsakiyar gari aka mai da iyayenmu nan arewacin birni, suka fara gini daga tushe. A wannan shekarar ce kuma aka sa 1 ga Yuni ta zama ranar dashen itace a Togo. Yau an haura shekara arba'in, gidaje sun tashi, masallatai da makarantu sun yawaita, amma gida nawa ne za ka shiga ka tarar an malale tsakar gida da siminti daga bango zuwa bango, babu ko ganye ɗaya, da azahar ƙafa ba ta iya taka ƙasa? Da yawanmu kuma 'yan haya ne, ba mu da ikon fasa siminti mu dasa itace. Ga irinmu, tukunya ita ce gona. Yaron da aka ɗora wa alhakin taɓa ƙasar tukunya kowace safiya, ya koyi gane ƙishirwar abin da ba ya magana, shi ne gobe in Allah ya ba shi fili zai dasa itace ya kuma tsaya ya rene shi, ba ya dasa ran 1 ga Yuni ya manta da shi ran 2 ba. Malamanmu kuma sun sha faɗa mana irin ladan da ke cikin shuka.

A taƙaice dai, Mai Furfura baƙuwa ce daga gindin duwatsu, mu kuwa mutanen Zango ba a koya mana karɓar baƙo. A ba ta inuwa, a ba ta ruwa mai daɗi ba tare da fashi ba, a rufa mata asiri da hunturu, a kuma yi haƙuri in furfurarta ta koma kore. Wanda ya gwada ya ga wani abin da ba mu ambata ba, ƙofar wannan fili a buɗe take, ya rubuto mana domin sauran 'yan uwa su ƙaru. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kuma sa mu dace, amin.